Abubakar Imam: Yana da Shekaruna Ya Rubuta Ruwan Bagaja

Da kwamitin wannan mujalla ya ce mai sha'awa ya kawo tarihin wani bawan Allah da ya riga mu gidan gaskiya, na san wasu sarakuna za su kawo, wasu kuma 'yan siyasa. Ni dai Alhaji Abubakar Imam na zaɓa, kuma ba zan ɓoye muku ba, da biyu na zaɓe shi. Akwai wani ciwo da ya daɗe yana cina, tarihin mutumin nan ne ya nuna mini inda ciwon yake.

Ciwon kuwa littafi ne. Tun da na gama sakandare na fara rubuta wani ƙagaggen labari, yau shekara uku ke nan. Na cika littattafan rubutu huɗu, na kai babi na tara, daga nan na cije. In na zauna zan ci gaba, sai in rasa inda labarin ya dosa. Rannan na ba ƙanwata ta karanta a gida, can Samaru. Ko kwana biyu ba ta yi ba ta dawo mini da shi tana dariya, wai Yaya, direban nan da ka kashe a babi na uku, ya aka yi ya zo ɗaurin aure a babi na takwas? Wallahi na manta na kashe shi. Da na zauna na ƙirga mutanen da ke cikin labarin, sai na tarar su ashirin da bakwai ne, kowa da nasa rikicin, ba wanda na san ƙarshensa.

Ana nan, wata Asabar na hau bas daga Samaru, muka bi ta Kwangila na sauka Sabon Gari don in taya kawuna zaman shago. Akwai wani dattijo mai sayar da littattafai kusa da shagon, mun saba da shi, Baba nake ce masa. Na kai masa kukana. Bai ko buɗe littattafan nawa ba, sai ya ce in gaya masa labarin a numfashi ɗaya. Na fara, na yi minti biyar ina kewaye-kewaye, har wani mai sayen Ƙawa'idi ya zo ya tafi ban kai ko'ina ba. Sai ya miƙo mini Ruwan Bagaja. Na ce Baba ai na karanta shi tun a sakandare. Ya ce wancan karatun jarrabawa ne, yanzu in koma in karanta shi da idon magini, tunda fasahar gine-gine nake karantawa. Ya ƙara da cewa in je in binciki shekarun mai littafin lokacin da ya rubuta shi.

Na bincika. Shekararsa ashirin da biyu. Daidai shekaruna na yau.

Daga Kagara zuwa Katsina

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda a wancan zamani yake ƙarƙashin lardin Kwantagora, yanzu kuwa yana cikin Jihar Neja. Gidansu gidan malamai ne. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne, don haka da allo ya buɗe ido kamar yawancinmu, ya tashi cikin littattafan Larabci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a tarihinsa, za ku ga amfaninsa nan gaba.

Yayansa, Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, yana koyarwa a Katsina, ta hannunsa Imam ya je can ya shiga makarantar boko. A 1927 ya shiga Kwalejin Katsina, makarantar horon malamai da ta yaye manyan Arewa na farko. Ahmadu Bello yana gabansa da aji, Abubakar Tafawa Ɓalewa yana bayansa. Kwalejin nan ita ce aka mayar Kaduna, daga baya aka kawo ta Zariya, ita muke kira Barewa a yau. Ya gama a 1932, aka ba shi koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina.

Ku lura da matsayinsa a lokacin. Sabon malamin makaranta ne, ga shirya darasi, ga duba aikin yara, ga hidimar gida. Ba shi da ofishin rubutu, ba shi da kwamfuta, kuma babu wani ƙagaggen littafin Hausa na boko a gabansa da zai duba ya ce bari in yi irin wannan. Akwai tatsuniya a bakin tsofaffi, akwai waƙoƙin malamai cikin ajami, amma dogon labari a rubuce wanda mutum ya ƙaga da kansa, ba a saba da shi ba.

Gasar 1933

A nan Zariya akwai Hukumar Fassara, wadda daga baya ta koma Hukumar Talifi, ƙarƙashin wani Bature, Dokta Rupert East. Matsalarsu ita ce an koya wa yara karatun boko da Hausa, amma babu abin karantawa mai daɗi. Sai a 1933 aka shirya gasa. East ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta labarai. Bai sha da sauƙi ba, domin a ganin malamai da yawa, alƙalami na ilimi ne da addini, shirya labarin da bai faru ba kuwa aikin mata da yara ne da dare.

Littattafai biyar suka fito daga wannan gasa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi wanda John Tafida, mutumin Zariya, ya rubuta tare da East. Wa da ƙane a gasa ɗaya, ga kuma wanda zai zama Firayim Minista. Daga waɗannan biyar ake fara ƙirga tarihin ƙagaggun labaran Hausa.

Da na sake karanta Ruwan Bagaja kamar yadda Baba ya ce, abin da na fara gani shi ne ana iya faɗin labarin a numfashi ɗaya. An wulaƙanta limamin da ya riƙe Alhaji Imam a fada, saboda ya ce ruwan Bagaja zai warkar da ɗan Sarki, sai Alhaji ya ɗauki alkawarin ba zai zauna ba sai ya nemo ruwan. Shi ke nan. Akwai wanda ake bi, akwai abin da yake nema, akwai abin da ya tashe shi daga gida, kuma mai karatu ya san ranar da labarin zai ƙare: ranar da ruwa ya zo ko ya gagara. Duk wata dariya da abin mamaki da ke tsakiya, a kan wannan igiya ɗaya aka shanya su.

Abu na biyu shi ne Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Tafiya mai tsawo tana iya gundurar mai karatu, gari bayan gari, kowanne da sababbin mutane. Sai Imam ya sa mutum ɗaya da zai riƙa ɓullowa a kai a kai, yau Alhaji ya yi masa wayo, gobe shi ya rama. Kana shiga sabon gari kana jiran ta inda Zurƙe zai fito. Ni da na tara mutum ashirin da bakwai, sai na ga mutum biyu sun riƙe littafi guda.

Wannan dabara ba daga sama ta faɗo masa ba. Duk wanda ya zauna a zaurukan malamai na cikin birnin Zariya ya ji sunan Muƙamatul Hariri, littafin malamin Basra wanda ya rasu a 1122. Muƙama hamsin ne, a kowacce mai ba da labari yana isa wani gari ya ci karo da wani tsoho mai wayo da zalaƙa, Abu Zaid, cikin sabuwar shiga. Imam da kansa bai ɓoye cewa ya amfana da wannan littafi ba. Karatun gidansu ne ya ba shi ƙashin bayan labarin, shi kuma ya tufatar da shi da Hausa, da kasuwa da fada da alƙali da 'yan caca irin namu.

Wata shida a Zariya

East ya ga irin baiwar da ke gare shi, sai ya nemi a ba da aronsa daga Katsina. A 1936 Imam ya zo Zariya, yana da shekara ashirin da biyar, ya zauna kimanin wata shida. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, labarai sama da tamanin, aka fara buga shi a 1937.

Wani abokina da ke karanta Hausa a Jami'ar Ahmadu Bello ya aro mini littafin tarihin rayuwar Imam, wanda Abdurrahman Mora ya tsara, kamfanin NNPC ya buga a 1989. A nan na fahimci yadda aikin ya gudana. Kafin a fara rubutu, sai da aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Indiya da na Turawa, irin su Dare Dubu da Ɗaya da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin 'yan'uwan nan biyu na Jamus, su Grimm. Ya karanta, ya zaɓa, ya sāke musu gida da suna da hali, ya haɗa da abin da ya ji a bakin mutanensa da wanda ya ƙaga.

To labari tamanin ba tare da tsari ba ai tarin bulo ne a fili. Ga yadda ya ɗora su. A littafi na farko, Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuwa maci amana ne, so yake yaron ya fita daga fada a hallaka shi. Musa ya ƙagara ya bi sahun Mahmudu zuwa fagen fama. Duk lokacin da ya yi shirin fita, sai aku ya tsare shi da labari har lokaci ya ƙure. Ka ga kowane labari yana da aikin da yake yi: in bai yi daɗi ba, yaro zai fita, in ya fita ya mutu. A littafi na biyu gasa ce tsakanin aku da wani akun mai suna Haziƙ. A na uku aku ne yake koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana. Littafi uku, dalili uku na ba da labari, kuma kowanne an san shi kafin a fara zuba labaran ciki.

Ita kanta dabarar aku mai tsare mutum da labari tsohuwa ce a Indiya da Farisa. A can, matar aure ce akun yake hanawa fita wurin wani da dare alhali mijinta ya yi tafiya. Imam ya ɗauki ƙirar, ya cire abin da bai dace da yaran makaranta ba, ya sa ɗan sarki da yaƙi da makircin fada. Wanda bai sani ba zai rantse a Katsina ko Zazzau aka haifi labarin.

A cikin tarihin nasa ya ambaci wasu ƙa'idoji da ya koya a wurin East. Ɗaya ita ce in za ka ɗauko magana daga wani harshe, kada ka zama bawan kalmominta. Ka fahimci abin da ake nufi, sannan ka faɗe shi yadda Bahaushe zai faɗa. Wata kuma ita ce kada a bar mugu ya yi nasara a ƙarshen labari, ko da ya fara da ƙarfi. Ta farkon na karɓe ta hannu biyu. Ta biyun kam ina da ja, domin littattafan makaranta suke shiryawa a ƙarƙashin gwamnatin mulkin mallaka, mu kuwa mun ga inda mugu ya ci ya sha ya mutu a gadonsa. Amma ko a nan akwai darasi: mutumin ya san ƙarshen mugunsa tun kafin ya fara. Ni ban san ƙarshen kowa ba.

Masana har yau suna muhawara a kan yawan aron da ke cikin Magana Jari Ce, da kuma irin hannun da East ya sa a ayyukan wancan lokaci. Muhawara ce mai amfani, ban kuma isa in yanke ta ba. Abin da na sani shi ne an fi shekara tamanin ana karanta littafin, an karanta shi a rediyo, an yi wasansa a talabijin, kuma har gobe in ka ba yaro ba ya ajiyewa.

Gaskiya Ta Fi Kwabo da abin da ya biyo baya

A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Imam ne editanta na Hausa na farko. Lokacin ana jita-jitar wai Ingila za ta miƙa ƙasar nan ga Jamus, gwamnati tana son hanyar da za ta yi magana da jama'a kai tsaye. Ya riƙe aikin kimanin shekara goma sha biyu. A hannunsa Hausar jarida ta samu kamanninta: gajerun jimloli, karin magana a inda ya dace, da sababbin kalmomi na abubuwan da Bahaushe bai taɓa gani ba. Wasiƙun masu karatu suka riƙa zuwa daga ko'ina, mutanen da ba su da bakin magana a fada suka samu inda za su yi. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, wanda unguwar Gaskiya da muka sani ta samo suna daga gare shi. A cikin waɗanda suka yi aiki a wannan da'ira har da Malam Nuhu Bamalli, Magajin Garin Zazzau, marubucin Bala da Babiya da Mungo Park Mabuɗin Kwara. Da yawanmu muna rubuta sunansa a saman takardar jarrabawa ba mu san marubuci ba ne.

A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Imam yana cikin 'yan jaridar Afirka ta Yamma da aka gayyata Ingila, tare da su Nnamdi Azikiwe. A can Azikiwe ya shirya takardar neman a sa wa'adin mulkin kai, Imam bai sa hannu ba, don a ganinsa Arewa ba ta shirya ba tukuna. Wasu sun zarge shi, wasu sun ba shi gaskiya. Da ya dawo ya rubuta labarin tafiyar a littafin Tafiya Mabuɗin Ilimi.

Daga nan sai hidimar jama'a ta ja shi. Yana cikin waɗanda aka yi fafutukar kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa da su. A farkon shekarun 1950 ya bar kujerar edita ya shiga majalisa, daga baya ya yi shekaru a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Bai ajiye alƙalami ba. Ya rubuta littattafan addini da na tarihi, ciki har da tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ga kuma Ikon Allah da suka yi da East don koyar da kimiyya da Hausa. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Allah Ya yi masa rasuwa a nan Zariya a shekarar 1981, yana da shekara saba'in.

Ga abin da ya fi tsaya mini a rai a duk tarihin nan. Mutumin ya rayu shekara saba'in, ya riƙe manyan muƙamai, amma littattafai biyun da kowa ke kiran sunansa da su, ɗaya ya rubuta yana ɗan ashirin da biyu, ɗaya yana ɗan ashirin da biyar. Da ofis da jarida da majalisa suka zo, rubutunsa ya koma wata fuska. Da ya ce bari sai ya zama babba, sai ya samu natsuwa, wa ya san ko da akwai Malam Zurƙe a duniya?

Abin da na ɗauka

Ni 'yan watanni suka rage mini in gama difloma. Kawu ya riga ya yi mini magana da wani ɗan kwangila, da na ajiye biro sai wurin gini, daga safe har magariba. Ban ƙi ba, abinci ne. Amma na san in na fita da littafin nan a babi na tara, a babi na tara zai mutu. Ga abin da na tsinta daga rayuwar Imam, na kuma fara aiki da shi, ko Allah Zai sa ya amfani wani. Na san muna da yawa a makarantar nan, maza da mata, masu labari rabi a waya ko a ƙarƙashin katifa.

Na farko, ka iya faɗin labarinka a numfashi ɗaya. Wane ne, me yake nema, me ya hana shi, me zai rasa in bai samu ba. In ba ka iya ba, ba ka shirya fara babi na ɗaya ba. Ni sai da na yi kwana huɗu kafin na samu tawa jimlar, kuma da na same ta na gane rabin abin da na rubuta na wani littafin ne daban.

Na biyu, ka san ƙarshe kafin ka fara. A ajinmu ba a taɓa barin mutum ya haƙa fandisho ba tare da filan ba, don nauyin da ke sama shi ke faɗin zurfin da za a haƙa a ƙasa. Ni na san wannan a gini, amma na zo rubutu na yi ta jera bulo ban san ko bene nake yi ko shago ba. Yanzu na sayi farin kwali a kasuwar Samaru, na raba shi gida goma sha biyu, kowane babi da layi biyu: abin da ya faru, da abin da ya canza saboda shi. Babin da ba abin da ya canza a cikinsa, na soke shi. Kwalin yana manne a bangon ɗakina.

Na uku, rage jama'a. Daga ashirin da bakwai na dawo da su shida. Kowanne na ba shi shafi guda a wani ɗan littafi: shekarunsa, sana'arsa, abin da yake so, abin da yake tsoro, irin maganarsa, da babin da ya mutu in zai mutu. Direba dai ya mutu a babi na uku, kuma in sha Allahu ba zai sake zuwa ɗaurin auren kowa ba.

Na huɗu, karatu kafin rubutu. Imam da baiwarsa sai da ya zauna ya karanta na wasu. Mu kuwa sai mutum ya karanta littafi biyu ya kalli fim goma ya ce shi marubuci ne. Ka karanta Shaihu Umar ka ga yadda malami ke ba almajiransa labarin rayuwarsa, ka karanta Jiki Magayi ka ga yadda ramuwar gayya ɗaya ta ja littafi tun daga farko har ƙarshe. Ka ari dabara, amma kada ka kwashi labarin wani ka canza sunaye ka ce naka ne. Bambancin aro da sata shi ne aikin da ka yi a kai, da kuma faɗin gaskiya in an tambaye ka.

Na biyar, wa'adi. Gasar 1933 tana da ranar rufewa, zaman Zariya wata shida ne. Ni shekara uku na yi saboda ba wanda ke jirana. Yanzu na yanka wa kaina shafi biyu kullum bayan sallar Asuba, kafin in fita neman mota. Ran da aka ɗauke wuta, da fitilar waya nake yi. Ran da ba na jin daɗin rubutun ma ina yi, don gyara mummunan shafi ya fi sauƙi a kan gyara farar takarda. Sati biyu na jarrabawa kawai na ɗaga wa kaina.

Na shida, ido na biyu. Imam yana da East, ko da sun bambanta a wasu abubuwa. Ka samu wanda ba ya jin kunyarka. Abokin da zai ce maka wallahi ya yi kyau ba tare da ya kai ƙarshe ba, ba shi kake nema ba. Ni ƙanwata ce, duk babin da na gama ita ke fara karantawa, kuma ba ta da sassauci ko kaɗan.

Na bakwai, Hausar da mutane ke yi. Da na duba rubutuna na farko, sai na ga da Turanci nake tunani ina juyawa. Yanzu in na gama shafi sai in karanta shi da ƙarfi. Duk jimlar da na ji ba zan iya faɗa wa Kawu ita a shago ba tare da ya ce me kake nufi ba, sai in sāke ta. Zaman shagon ma ya zama mini makaranta, ina sauraron yadda 'yan dako da masu ciniki da matan da ke taya kaya suke magana.

Ban gama ba tukuna, kada in yi muku ƙarya. Ina babi na bakwai a sabon tsari, saura biyar. Na kuma san ni ba Imam ba ne, wataƙila littafin ya fito ba wanda zai tuna da shi bayan shekara guda. Amma makon jiya na koma Sabon Gari, Baba ya sake cewa in faɗa masa labarin. Na faɗa a numfashi ɗaya. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni to yarinyar ta samu gadon nata ko ba ta samu ba? Na ce sai ya saya ya karanta. Ya yi dariya ya ce in na buga in kawo masa guda goma ya gwada.

Na yi masa alkawarin kammala rubutun kafin a kafe sakamakonmu na ƙarshe. Na rubuta a nan ne don ku zama shaidu, duk wanda ya gan ni a bakin get ko a wurin mai shayi yana da izinin ya tambaye ni babi na nawa nake.

Allah Ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, Ya gafarta masa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, da shi da sauran magabatanmu. Mu kuma Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya ba mu ikon ƙarasa abin da muka fara. Amin.